Ajin zana da kuɗin alli: wa ke riƙe da makarantun gwamnati a ƙauyuka da unguwannin Nijar?

Daga wakilinmu a Maraɗi

Duk shekara idan aka koma lakwal a watan Oktoba, akwai yaran da sunayensu ke cikin rajista, mushensu ma ya iso gari, amma ba su da wurin zama. Ajinsu yana gona tukuna. Sai an girbe hatsi, an sare kara, an yanko gamba an saƙa zana, an samo dirkoki da igiya, sannan iyaye su taru su kafa rumfar da za a kira aji. Wannan aiki kan ci makonni. Idan kuma hadarin farko ya taso a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, iska ta kwashe rumfar, karatun wannan shekara ya ƙare ke nan ko da kalandar ma'aikatar ilimi ta ce da saura.

Mutanen Maraɗi sun san abin da ajin zana ke iya jawowa fiye da asarar makonni. Ranar Litinin 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta tashi a wata makarantar firamare da ke cikin birnin, ta halaka yara aƙalla 26, galibinsu ƴan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, wata gobarar ta kashe yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Bayan abin da ya faru a Maraɗi, majalisar ministoci ta haramta zaunar da yaran rainon share fagen firamare cikin azuzuwan zana a duk faɗin ƙasa, gwamnatin lokacin kuma ta ce akwai irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 da ke jiran a maye gurbinsu da gini.

A ranakun zaman makokin, tambayar da ake ta yi a fada-fada da gidajen rediyo ita ce: laifin wa? Wasu sun ce na gwamnati, wasu na magajin gari, wasu na daraktan makaranta, wasu ma na iyayen da suka kafa rumfunan da hannunsu. Amsar tana cikin yadda aka raba nauyin makarantar gwamnati tsakanin hannuwa uku: gwamnatin tsakiya a Yamai, ƙaramar hukuma, da kwamitin iyaye. Duk wanda ke da ƙane ko ɗa a lakwal, ko yake aiko kuɗi gida daga Legas, Akra, Abijan ko Aljeriya, ya kamata ya san wane hannu ne ke riƙe da wane gefe.

Abin da doka ta ce

Tushen tsarin shi ne dokar ilimi ta ƙasa da ake kira LOSEN, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yunin 1998. Dokar ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa, ta kuma raba nauyin kuɗinsa tsakanin gwamnati, ƙananan hukumomi, iyalai da sauran masu tallafi. Wato tun daga rubutun doka, aljihun iyaye yana cikin lissafi, duk da cewa ba a biyan kuɗin rajista a firamaren gwamnati.

Gwamnatin tsakiya ce ke tsara manhaja, take horar da malamai a makarantun horon malamai, take shirya jarrabawa, kuma daga baitulmalinta albashi ke fitowa. Idonta a ƙasa shi ne sufeton makarantu da masu ba malamai shawara, waɗanda ke ƙarƙashin daraktan ilimi na gunduma da na jiha. Mafi yawan malaman firamare a ƙasar nan ƴan kwantaragi ne, kuma jinkirin biyansu ya sha haddasa yajin aiki a shekarun baya. Duk ranar da malami ya bar aji ya tafi babban gari neman kuɗinsa, yara ne ke zaman banza, kuma babu wanda ke da maganin wannan a ƙauye.

Hannu na biyu shi ne ƙaramar hukuma. Nijar tana da ƙananan hukumomi 255, daga cikinsu manyan birane huɗu, Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda aka sake rarrabawa zuwa da'irori. An yi zaɓen kansiloli na farko a wannan tsari a 2004. Sai dai an ɗauki shekaru goma sha biyu kafin a fayyace aikinsu a fannin ilimi: a watan Janairun 2016 ne gwamnati ta fitar da dokokin da suka miƙa wa ƙananan hukumomi da majalisun jihohi wasu ayyuka a fannoni huɗu, ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Ƙaramar hukuma ta samu firamare, rainon yara da yaƙi da jahilci. Jiha ta samu koleji da lise. A takarda, gina aji, gyara shi, sa masa tebura da kujeru da samar da kayan karatu na firamare, duk sun koma teburin magajin gari.

An miƙa aiki, kuɗi na biye a hankali

Matsalar da magadan gari suka daɗe suna kuka da ita ita ce an ɗora musu kaya ba a ba su jaki ba. Kuɗin shigar ƙaramar hukumar karkara ya dogara ne kan harajin kai da masu gari ke tarawa, tikitin kasuwa, kuɗin kara na dabbobi, tasha, da wani kaso na harajin da gwamnati ke karɓa ta mayar mata. A shekarar da damina ta yi gardama, harajin kai ba ya shiga. Abin da ya shigo kuma, albashin ma'aikatan meri da kuɗin zama da man mota kan lashe mafi yawansa kafin a zo maganar bulo da siminti.

Wannan ne ya sa ƙananan hukumomi ba su zama ɗaya ba. Wadda ke da babbar kasuwa ko take bakin iyaka da Najeriya, kamar yankunan Ƙonni, Dan Isa ko Magarya, tana da ƙofofin samun kuɗin da maƙwabciyarta ta cikin tudu ba ta da su. Doka ta kuma tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake samu daga ma'adinai da man fetur ga ƙananan hukumomin jihohin da ake haƙo su, abin da ya shafi Agadas da Difa fiye da Maraɗi ko Doso. Yaro ba ya zaɓar inda za a haife shi, amma irin ajin da zai zauna ya danganta da wannan.

Don rage wannan tazara ne aka kafa hukumar ANFICT a 2008, wadda aikinta shi ne karɓar tallafin gwamnati da na ƙasashen waje ta rarraba wa ƙananan hukumomi. A 2017 kuma aka buɗe asusun haɗin gwiwa na ilimi, FCSE, inda masu tallafi irin su Faransa, Luksambur, Suwizalan da UNICEF suka riƙa zuba kuɗi wuri ɗaya, wani ɓangare ya bi ta ANFICT ya isa ga ƙananan hukumomi don gina azuzuwa. An gina azuzuwa da dama ta wannan hanya. Amma yawan haihuwa a Nijar yana cikin mafi girma a duniya, kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kuma duk Oktoba sabon ayari na ƴan CI ke isowa. Kafin a gama gina aji ɗaya, an riga an buƙaci wasu.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai da wasu masu tallafi sun dakatar da taimakon da suke bai wa gwamnati, lamarin da ya taɓa ayyukan da suka dogara da kuɗin waje. Sannan a watan Afrilun 2024 majalisar CNSP ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, ta naɗa kantomomi su riƙe su. Masu goyon bayan matakin suna tuna cewa ko a zamanin farar hula majalisar ministoci ta sha tsige magadan gari bisa zargin almubazzaranci, kuma siyasa ta sha sa a gina aji a garin da ya ba da ƙuri'a maimakon garin da ya fi buƙata. Masu suka kuwa suna cewa a da talaka ya san gidan kansilan yankinsa, yana iya tare shi a wurin suna ko jana'iza ya tambaye shi maganar makaranta, yanzu kuwa kantoma ga wanda ya naɗa shi yake ba da bahasi. Ko ma dai wane ɓangare mutum yake, nauyin gini da gyaran firamare bai tashi daga meri ba. Mai sa hannu ne ya canza.

Hannu na uku: kwamitin makaranta

A ƙasan duk wannan akwai kwamitin kula da makaranta. Sunansa na hukuma a firamare tun 2012 shi ne CGDES, amma har yau mutane tsohon sunansa suke kira, COGES. A cikinsa akwai wakilan ƙungiyar iyayen yara, wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, da daraktan makaranta wanda ke riƙe da aikin sakatare. An fara kafa waɗannan kwamitoci a farkon shekarun 2000, amma da yawansu suna ne kawai a takarda, mai gari ko wani mai faɗa a ji ya nuna waɗanda yake so.

Abin da ya farfaɗo da su shi ne shirin "École pour tous" na hukumar JICA ta Japan, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004. Shirin ya tsaya kan abubuwa uku: a zaɓi shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar sirri, a tsara jadawalin ayyukan shekara a gaban taron gari, a kuma haɗa kwamitocin kowace ƙaramar hukuma cikin tarayya ɗaya don su riƙa duba juna. A 2007 gwamnati ta faɗaɗa tsarin zuwa dukkan makarantun firamare na ƙasa, daga baya wasu ƙasashe kamar Senegal, Mali da Burkina Faso suka ɗauki irinsa.

Ina firamare lokacin da aka yi irin wannan zaɓe a makarantarmu. Abin da na fi tunawa shi ne layin mata, domin ban taɓa ganin iyayenmu mata da yawa haka a filin makaranta ba. A shekarar aka kewaye makewayi da zana, aka sayo randunan ruwa, kowane gida ya kawo dami ko ƴan kuɗi. Shekara biyu bayan haka aka daina kiran taro, ana dai ci gaba da karɓar kuɗi, kuma ranar da mahaifiyata ta tambayi inda suke tafiya, aka ce mata maganar ta maza ce. Daga ranar ba ta sake biya da daɗin rai ba. Na ga irin wannan labari ya maimaitu a wurare da dama tun da na fara aikin jarida.

Yadda tsarin ya tanada, kwamiti kan kira babban taro a farkon shekara, a lissafa matsalolin makaranta, a zaɓi waɗanda gari zai iya magancewa da kansa, a yanke abin da kowa zai bayar: kuɗi, hatsi, kara, ko aikin ƙarfi. A tsakiyar shekara a duba inda aka kwana, a ƙarshenta ma'aji ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Da waɗannan gudummawa ake kafa azuzuwan zana, a gyara bencin da ya karye, a sayi alli idan na gwamnati ya ƙare, a biya mai gadi, wani lokaci a samar wa sabon malami ɗakin kwana. Iyaye mata kuma su ne ke bin gida-gida idan yarinya ta daina zuwa, ko aka ji ƙishin-ƙishin za a yi mata aure.

Abin da kwamiti ba ya iyawa shi ma a fili yake. Ba ya ɗaukar malamin gwamnati, ba ya korarsa, ba ya taɓa albashinsa. Iyakarsa ya kai ƙara wurin sufeto. A ƙauyen da mafi yawan iyaye ba su yi boko ba, darakta ne kaɗai ke iya karanta takardun da aka rubuta da Faransanci, don haka wanda ya kamata a sa wa ido shi ne ke riƙe da alƙalami.

Idan aka ba iyaye kuɗi a hannu fa?

An gwada. A ƙarshen 2007, a wani shiri da Bankin Duniya ya tallafa, an ɗauki makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka yi ƙuri'a, 500 daga cikinsu suka samu tallafin kuɗi kai tsaye ta hannun kwamitocinsu, kimanin dalar Amurka 2 kan kowane ɗalibi. Masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, sun bi diddigin abin da ya biyo baya. Sun gano cewa iyaye ba su naɗe hannu don kuɗi sun zo ba. Sun ma ƙara shiga harkar makaranta, aka yi gyare-gyare, yaran ƙananan azuzuwa suka rage barin karatu. Amma sakamakon gwajin karatu bai ɗaga ba, kuma fashin malamai ya ɗan ƙaru, abin da masu binciken suka danganta da tsamin dangantaka tsakanin malamai da iyayen da suka fara sa musu ido ba tare da suna da ikon yin komai ba.

Wani gwajin da JICA ta yi daga baya a Nijar ya ƙara haske. Makarantun da aka ba kuɗi kawai ba su ga canji a makin yara ba. Waɗanda aka ba kuɗi tare da horar da kwamiti, aka nuna wa iyaye sakamakon gwajin ƴaƴansu a bainar jama'a, aka kuma koya musu tsara ayyukan da suka shafi karatu kai tsaye kamar darussan ƙari da karatun dare, su ne makinsu ya tashi. Uban da aka nuna masa cewa ɗansa na CM1 ba ya iya haɗa lissafin ƴan CP, ba ya sake yarda a kashe kuɗin kwamiti kan bikin ƙarshen shekara.

A birni matsalar ta sha bamban

A Yamai, Maraɗi da Damagaram, duk wanda ya samu ɗan hali yakan cire ƴaƴansa ya kai su makarantar kuɗi. Ma'aikata, ƴan kasuwa, har da malaman gwamnati da yawa haka suke yi. Waɗanda suka san ƙofar meri, suka iya rubuta wasiƙa, suke da lambar wayar wani babba, sun fice daga makarantar unguwa, sun bar ta ga masu ƙaramin ƙarfi. A sababbin unguwannin gefen gari, inda ake yanka filaye mutane na tarewa da sauri, makaranta kan fara da rumfuna a fili marar katanga, babura da awaki na ratsa ta, wani lokaci ma a wayi gari an ci wani sashen filin da gini.

Makarantar unguwa ita ce kuma wurin fakewa idan bala'i ya zo. A 2024, ambaliyar ruwa ta sa gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da dama sun rushe, wasu kuma waɗanda gidajensu suka faɗi ne ke zaune a ciki. Bayan sun tashi, gyaran ƙofofi, tagogi da benci ya koma kan meri da kwamitocin da asusunsu babu komai.

Ga masu son taimakawa daga nesa

Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke zaune a Yamai ko ƙasashen waje suna tara kuɗi ta WhatsApp su gina aji ko su haƙa rijiya a makarantar garinsu, kuma akwai garuruwan da ba don su ba da har yanzu a rumfa ake karatu. Sai dai akwai kurakuran da ake maimaitawa. Akan gina aji ba tare da an sanar da sufeto ba, ginin ya tsaya babu malami, domin tura malami yana bin taswirar makarantu da hukuma ke riƙe da ita. Akan tura kuɗi ta hannun mutum ɗaya, wa ko ƙane, idan aiki ya tsaya zumunci ya lalace. Akan gina ɗaki a manta da benci, makewayi da ruwa, alhali rashin makewayi na cikin abubuwan da ke korar ƴan mata idan sun fara girma.

Hanyar da ta fi tsira ita ce a fara da tambayar jadawalin ayyukan kwamiti na bana, da lissafin bara. Kwamitin da ke aiki zai iya ɗaukar hotonsu ya aiko a rana ɗaya. A tambayi yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, mata nawa ne a ciki, wa ke sa hannu kafin a fitar da kuɗi. A sanar da meri da sufeto a rubuce kafin a sa harsashi, a nemi a shigar da aikin cikin tsarin ayyukan shekara na ƙaramar hukuma, don gyaransa ya zama da mai shi bayan an yanke ƙyalle. Kuɗin kuma su shiga asusun kwamiti, a karanta adadinsu a gaban taro.

Ga matasan da ke gida kuwa, ƙofar ta fi kusa. Taron kwamiti na duk mai yaro ne a makarantar, kuma a gidaje da yawa wa ko ya ne ke biyan kuɗin kaye da bik na ƙannensu. Mai digiri da ke zaman jiran aiki zai iya karanta wa ma'aji takardunsa, ya rubuta wasiƙar da za a kai wa kantoma, ko ya ɗauki sa'a biyu da yamma yana bitar lissafi da ƴan CE1. Sabuwar dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu abin da zai hana kwamiti a Tasawa, Madawa ko Matamai ya rubuta lissafin kuɗinsa da Hausa, da boko ko ajami, ya manna a ƙofar ofishin darakta inda kowace uwa za ta iya sa a karanta mata.

Wannan ba zai maye gurbin azuzuwa dubbai da gwamnati ce kaɗai ke da ƙarfin ginawa ba, kuma ba zai biya malami albashinsa kan lokaci ba. Waɗannan haƙƙoƙi ne da ake bin Yamai, kuma ya kamata a ci gaba da binta. Amma tazarar da ke tsakanin rumfa da rumfa, ƙofa nawa aka bar wa kowace, ko mai tuya na hura wuta a jikin zana lokacin tara, ko akwai randa da yashi a kusa, waɗannan a filin makaranta ake yanke su, a taron da yawancinmu ba mu taɓa halarta ba. Ana kiransa ne a makonnin farko bayan komawa lakwal, kuma darakta ya san ranar.